Gargaɗi ga Masu Kwamfutar Wasa: Masu Damfara da Sunan Gyara Daga Nesa

Ina jan hankalin duk wanda kwamfutarsa ta wasa ke yin ƙara sannan ta mutu yana tsaka da wasa, da ya yi hattara da wasu mutane da ke tallata kansu a intanet a matsayin ƙwararrun masu gyara. Sun san cewa wanda ya zuba dukiya a irin wannan na'ura hankalinsa kan tashi da zarar ta fara ɗaukewa, kuma da wannan tashin hankalin suke cin kasuwarsu.

Hanyarsu kusan ɗaya ce. Za su nemi mutum ya sauke manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, irin su AnyDesk ko TeamViewer, waɗanda halastattun manhajoji ne amma ake amfani da su ta mummunar hanya. Da sun shiga, sai su buɗe Event Viewer na Windows, wato wurin da ake adana bayanan kurakuran na'urar, su nuna jerin jajayen alamomi, musamman wadda ake kira Kernel-Power 41, su ce ga shaidar ƙwayar cuta ta cinye na'urar. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, domin abin da lambar 41 ke nufi kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba, wato abin da mai ita ya riga ya gani da idonsa. Daga nan sai a buƙaci kuɗin wata manhajar tsaftacewa, kuma yayin da mutum ke biya, suna kallon lambobin katinsa da kalmomin sirrinsa. Kamfanin Microsoft ya bayyana cewa ba ya kiran kowa haka kawai don gyara, kuma saƙonninsa na kuskure ba sa ɗauke da lambar waya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, galibin wannan matsala tana cikin jikin na'urar ne, inda hannun mai gyara daga nesa ba zai taɓa kaiwa ba. Wasa yana sa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da katin hoto (mai sarrafa hotunan da ke fitowa a allo) aiki mai nauyi, zafi ya ƙaru, kuma idan ƙura ta toshe hanyar iska, ko fanka ta tsaya, ko man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta ya bushe, na'urar kan rage gudu a wajajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, in abin ya ci gaba ta kashe kanta don kada ta ƙone. Dalili na biyu shi ne wuta: akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar na iya tsufa ko ya yi wa katin hoton kaɗan. Wani lokacin ma ƙarar daga UPS take fitowa, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, saboda an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Manhajar HWiNFO, wadda kyauta ce ga mai amfanin kansa, tana nuna zafin, MemTest86 kuma tana gwada lafiyar RAM, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi. Idan ƙarar gargaɗi ce irin ta "bip-bip" daga kwamfutar kanta, ma'anar yawanta da tsawonta tana cikin littafin babban allon kwamfutar, domin ta bambanta daga wani BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfutar) zuwa wani.

Akwai kuma masu karɓar na'urar hannu da hannu, su ce katin hoto ya ƙone, su sa wani mai rauni, su riƙe na asalin su sayar. Kafin a ba kowa kwamfuta, a ɗauki hoton lambar siriyal ta katin hoto da RAM da akwatin wuta, a kuma sharɗanta cewa duk abin da aka cire za a dawo da shi.

Wanda ya riga ya ba su damar shiga, ya cire intanet daga kwamfutar nan take, ya goge manhajar da suka sa shi ya sauke, ya sauya kalmomin sirrinsa ta wata na'ura daban, ciki har da na imel da na dandalin wasanni na Steam, sannan ya sanar da bankinsa a toshe katin da ya yi amfani da shi.