Kafin ka sayar da gidan Kano ka biyo ni Gambiya

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayoyin da ka jero, har da waɗanda abokan aikinka suka ɗora maka ka yi mini. Ka ce saura ƙiris ka ajiye aiki, kuma hotunan bakin teku da nake turowa sun sa ka fara tunanin sayar da gida ka dawo nan da zama. Zan faɗa maka yadda abin yake tsakani da Allah, mai daɗin da marar daɗin. Amma tun daga farko ka riƙe wannan: kada ka sayar da gidan.

Ka san ba a hoto na fara ganin ƙasar nan ba. Na koyar a nan ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya mai tura malamai da ma'aikatan lafiya ƙasashen waje, wanda aka kafa a 1987, saboda haka da na yi ritaya na san inda na dosa. Shigowa ba wuya. Gambiya tana cikin ECOWAS, da fasfonka za ka sauka a filin jirgin Yundum ba tare da biza ba. In zama ya kawo ka, sai ka yanki takardar izinin zama da katin baƙi, ana sabunta su duk shekara, kuma abin da ɗan ECOWAS yake biya bai kai na Bature ba. Ƙasar kanta 'yar ƙarama ce. Faɗinta bai wuce rabin jihar Kano da yawa ba, ƙidayar 2024 ta nuna mutanenta kusan miliyan 2.4 ne, gaɓar tekunta kuma kilomita 80 ce kacal. A wannan 'yar gaɓa masu ritaya daga Ingila da Holan da Jamus da Suwidin suke cunkushe, daga Bakau zuwa Kololi, Bijilo, Brufut inda nake, har Sanyang.

Bari in fara da abin da ya fi araha, wato kifi. Daga nan zuwa Tanji tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Ka je bayan la'asar, lokacin da jiragen kwale-kwale masu fenti kala-kala suke dawowa. Samari su kutsa cikin ruwa har ƙirji da robobi a ka, su kwaso kifi su sheƙo da gudu, mata na jira a bakin yashi da baho-baho, masu baro na ihu a ba su hanya, can baya kuma hayaƙin rumfunan banda ya turnuƙe. Kifin da za ka saya bai daɗe da daina motsi ba. A nan take wata mata za ta kankare maka shi ta fede da 'yar wuƙarta, ka ba ta ɗan abin da ya samu. Wanda ya saba da kifin ƙanƙara na kwali da tarwaɗar tafki, ranar farko zai rasa bakin magana. Akwai wani mai yawan ƙaya da suke kira bonga, shi ne na talaka, da shi ake miya a yawancin gidaje. Shi ma ya fara tsada, kuma masunta da matan kasuwa suna ɗora laifin a kan masana'antun niƙa kifi da aka kafa a Gunjur da Sanyang da Kartong, waɗanda suke saye shi tuli-tuli su mai da shi abincin dabbobi a fitar waje. Wannan abu yana ci mini rai, domin abincin marayu da gajiyayyu ne ake lodawa a jirgi.

Nama kuwa, a nan za ka san Kano ta yi mana gata. Ragunan layya daga Senegal da Mali da Muritaniya ake shigo da yawancinsu, kafin su iso kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo. Suna da gasasshen nama da suke ce wa afra, yana da daɗi, amma babu ƙuli babu yajinmu, kilishi kuma sai dai a kawo maka tsaraba. In kana son tsire irin na gida sai ka tsallaka Senegal, inda 'yan'uwanmu Hausawan Nijar suka kafa tukuba a Dakar har aka san naman da sunan Hausa.

Shinkafa ita ce abincin ƙasar, rana da dare, kuma mafi yawanta daga waje take zuwa. Albasa da dankalin Turawa ma buhu-buhu ake kawo su daga Holan. Ka duba fa, albasa! Mutumin da ya taso yana ganin tirela-tirela na hatsi a Dawanau zai sha mamakin yadda ake auna gero da masara a nan kamar magani. In kai ma'abocin tuwo ne kamar ni, ka sa shi cikin lissafin abin da zai ci maka kuɗi. Zoɓo da kuka da daddawa da gyaɗa da kuɓewa duk akwai, miyar gyaɗarsu ma ta fi tamu kauri. Akwai kuma wani burodi mai nauyi, tapalapa, da ake gasawa a tanderun itace. Kowane shagon Bafulatani a unguwa yana da shi da sassafe, kuma ya fi burodin leda na wajenmu riƙe ciki. Atamfa da yadi da kayan masarufi na roba, Kwari da Sabon Gari sun fi kasuwar Serekunda araha da zaɓi nesa ba kusa ba. Teloli dai gwanaye ne, musamman a ɗinkin shadda.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Duk wanda ka ji yana cewa rayuwa a Gambiya araha ce, tambaye shi da wane kuɗi ake biyansa fansho. Baturen da ake zuba masa fam ko yuro duk wata, gaskiya ya faɗa. Ni da kai naira ce. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, alhali dalasi, kuɗin nan, yana wajen 70 a dala ɗaya. Fanshon bai ƙaru ba, kuɗin haya bai ragu ba, sai abin da yake isowa hannuna ya zaizaye ina ji ina gani. Ba don gidan da na bari a Kano ana karɓar mini haya ba, da taimakon da yara suke yi, da tuni na tattara na dawo. Za ka ga GTBank da Zenith da Access a titunan nan ka ji sanyi a ranka, amma rassa ne masu zaman kansu ƙarƙashin dokar Gambiya. Asusunka na gida ba ya aiki a cikinsu, sabo za ka buɗe, kuma duk turowar kuɗi sai canji ya ci rabonsa.

Gida kusa da teku, masu shi da yawa da kuɗin waje suke yanka haya, kuma wata shida ko shekara suke so a dunƙule. In ka matsa ciki ka bar titin gaɓar, farashi yana sauka sosai, a nan ne ma za ka sami maƙwabta na gaske. Maganar sayen fili kuwa, ka bi a hankali. Rikicin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku ya cika kotunan ƙasar, kuma baƙo aka fi cuta. Takardar alkalo, wato dagacin gari, ita kaɗai ba ta wadatar ba, sai ka ɗauki lauya ya bi diddigi a ofishin filaye. Sannan akwai harajin da ba wanda zai gaya maka: gishirin iska. Ƙofar ƙarfe da na sa sabuwa, damina ɗaya ta yi ja da tsatsa. Kwaɗo yana ƙin buɗuwa, fanka tana cijewa, bayan firji yana ruɓewa, takalmin fata da ka ajiye a kabad ka ɗauko shi da furfurar danshi. A Kano ƙura muke yaƙi da ita, ita kuwa share ta ake yi. Wannan ci yake.

Wutar lantarki ta kati ce, ana samunta fiye da yadda muka saba a unguwarmu, amma tana da tsada kuma ana ɗaukewa, musamman lokacin zafi. Ruwan famfo a wasu unguwanni sai cikin dare yake zuwa, don haka tanki dole ne. Data ta fi ta Najeriya tsada, kuma ƙasar ta daɗe tana dogara da wayar intanet guda ɗaya ta ƙarƙashin teku, in ta sami matsala kowa ya shiga duhu. Titin Bertil Harding da aka faɗaɗa saboda taron ƙasashen Musulmi na OIC a watan Mayun 2024 ya sauƙaƙa zirga-zirga, amma ka sauka daga kansa cikin Agusta, lunguna duk taɓo ne da kududdufi.

Abin da ya fi kamata mai shekarunmu ya auna shi ne asibiti. Asibitin koyarwa ɗaya ne a ƙasar, na Edward Francis Small da ke Banjul. Akwai asibitocin kuɗi masu tsabta a yankin nan, suna maganin zazzaɓi da ƙananan larurori yadda ya kamata, amma ƙwararrun likitoci ba su da yawa. In ciwo ya yi tsanani, zuciya ko ƙoda ko daji, mai hali Dakar yake nufa, ko Indiya ko Turkiyya. Bature yana da inshora da jirgin da zai mai da shi gida. Kai kuwa a Kano kana da asibitin Malam Aminu Kano a bayan gidanka, kana da likitocin da ka sani suka san ka, ga 'yan'uwa masu jinya. Kana da hawan jini, ƙanena, kada ka ɗauki wannan da wasa. Magungunan da nake sha kullum a nan sun fi tsada, kusan komai shigo da shi ake yi. Tun bayan abin da ya faru a 2022, lokacin da maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya ya yi sanadin mutuwar yara kusan 70, ba na sayen magani sai a babban kantin da na yarda da shi.

To me ya zaunar da ni? Kwanciyar hankali. Ina fita sallar asuba a ƙafa ban waiwaya ba. Ana tafiya daga gari zuwa gari da dare ba a maganar masu garkuwa da mutane. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar teku tana kaɗawa da sanyi mai daɗi, zafin Afrilu irin na Kano da yake hana barci babu shi a gaɓar nan, ko da yake Satumba da Oktoba akwai gumi mai naci. Mutanen Musulmi ne fiye da kashi 90 cikin ɗari, Malikawa irinmu, ba ka tambayar ko naman halal ne. Suna girmama dattijo. Ka wuce ana cin abinci, sai an kira ka, kuma da gaske ake kiran. Matasa na zaune ƙarƙashin mangwaro suna dafa shayin ataya, ƙaramin kofi na farko kai za a miƙa wa. Kai da kake Batijjane ga ƙarin daɗi: ka hau jirgin fito daga Banjul zuwa Barra, ka tsallaka iyaka a Amdalai, cikin yini ɗaya kana Madina Baye a Kaulaha, wurin Shehu Ibrahim Inyass, inda mutanenmu suke kashe maƙudan kuɗi kafin su zo Maulidi.

Sai dai kada ka kai Hajiya da yara yankin otal-otal na Senegambia lokacin da Turawa suka cika gari. Akwai shaye-shaye da tsiraici, da samarin da suke bin tsofaffin matan Turawa don neman hanyar fita waje. Mutanen gari da kansu abin yana damunsu. Mu da yamma can wajen Brufut ko Sanyang muke zuwa, inda babu kowa sai masunta da shanu.

Nisa kuma yana da ciwo. Jirgi sai ka bi ta Legas ko Abuja, sau da yawa da tsayawa a wata ƙasa, tikitin ma ba na kowane wata ba ne. An yi rasuwa a dangi ina nan, kafin in sami kujera an yi sadakar uku. Ta'aziyyar waya ba ta kai zaman makoki ba, kuma mai shekaru yana tunanin inda za a sallace shi da waɗanda za su tsaya a kansa.

In har yanzu zuciyarka tana nan, ka zo ka gani da idonka, amma ba a Disamba ba, lokacin da komai yake kyau. Ka zo a Agusta ka kai Oktoba, ka ɗanɗana ruwan sama da sauro da gumi. Ɗakin baƙi yana nan, ba sai ka kama haya ba. Ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe, ka mai da shi naira, ka gwada da abin da kamfanin fanshonka ya ce zai riƙa ba ka a wata. Ka taho da maganinka na wata uku da takardun likitanka. In da sarari a jaka, a sako mini kilishi da yaji da garin ɗanwake.

Ka gaida Hajiya da yara, ka isar mini da gaisuwa wurin Liman da mutanen majalisa.

Naka,
Yayanka
Brufut, Gambiya