Murhun Turawa da ya kore mu daga falo

Yaya barka da war haka, ya gida ya yara, ya jikin Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce tunda na turo hoton falon nan mai wuta a jikin bango kowa a gida cewa yake ai wance ta gama hutawa, to zauna in ba ki labarin abin da hoto bai ɗauko ba.

Gidan da muke haya a wani ƙaramin gari yake kusa da Halifas a arewacin Ingila, irin gidajen nan na dutse da aka jera su manne da juna kamar haƙora, tun zamanin masaƙu aka gina su, sun haura shekara 100, lokacin babu hita sai kwal, shi ya sa kusan kowane ɗaki akwai ramin murhu a bango, daga ramin kuma bututu ya bi ta cikin ginin har saman rufi, in kin ɗaga kai a layinmu za ki ga bakunan bututun a jere kamar an kifa tuluna. Yawancin mutane sun toshe nasu. Namu na falo a buɗe muka same shi.

A watan Yuli muka tare, kuma tun satin farko na fara jin wani ƙauri, kin san warin madafin da aka shekara ana girki da icce sannan ruwan sama ya jiƙa bangon? To shi. Duk ranar da aka yi ruwa sai ya taso, nan kuma ruwa ba shi da damina ba shi da rani. Na wanke labule, na wanke kafet, na ɗora laifin a kan kujerun da muka saya na hannu har na so a fitar da su, na ƙone kusan rabin kwalbar turaren wutan da kika ba ni, abin da na samu kawai alam ɗin hayaƙi da ke manne a silin ta yi ta tsala ihu har sai da na hau kujera ina yi mata fifita da murfin tukunya. Ko sau ɗaya ban kawo ramin nan a raina ba tunda ba mu taɓa kunna shi ba.

Da Oktoba ta shigo sanyi ya fara cizo, kin san kuma tun 2022 da aka fara yaƙin Rasha da Yukren kuɗin gas a nan ya yi tashin gwauron zabi, sai oga yace ga murhu Allah ya ba mu kyauta me zai sa mu dinga ƙona kuɗi. Wani abokin aikinsa ya sare bishiya a bayan gidansa, ya cika but ɗin mota da reshina ya kawo. Ina ɗaga guda ɗaya naji nauyi, na gwara biyu naji sun yi tim maimakon ƙwas, nace masa wannan icce ɗanye ne shar, yace ai icen Turai ba irin namu ba ne. Ni da na tashi ina hura wuta a madafin Inna ido na hawaye, wai ni za a koya wa icce. Na yi shiru dai. Sannan kafin nan ya riga ya bi gidan kaf ya liƙe duk wata kafa da iska ke shigowa, ƙasan ƙofa ya sa tsumma, wata 'yar raga da ke jikin bangon falo ta ƙasa ya rufe ta da kwali da salatif, yana ta murna ya kori sanyi.

Yaya ranar da muka kunna na ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Ina kicin ina suya fankar zuƙe tururi a kunne, shi yana falo yana fama da ashana, ko minti biyar ba a yi ba hayaƙi maimakon ya hau sama sai ya dinga turnuƙowa cikin ɗakin kamar ana koro shi daga ciki, fari fat mai yaji, yara na tari, alam biyu na ihu a tare, na kwaso ruwa a roba na sheƙa wa wutar abin ya ƙara lalacewa, muka fito ƙofar gida ni da mayafi a hannu ba ko takalmi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta fito da silifas tana tambaya ko ta kira 'yan kwana-kwana, da ta ji bayani sai tace yaushe rabon da a share bututun? Muka kalli juna ni da oga. Ashe wai shara ake yi masa.

Mai gidan da muka kira ya amsa cewa ya yi shekaru bai sa an share ba don waɗanda suka tashi ba sa kunnawa, yace mu nemo mai shara shi zai biya, amma bai ji daɗi ba da ba mu tambaye shi kafin mu kunna ba, kuma gaskiyarsa.

To a nan ne nake son ki ga bambancin aikinsu da namu. Sharar bututun hayaƙi sana'a ce guda a ƙasar nan, da motarsu da ƙungiyoyinsu da takardar shaida, kuma lokacin shigowar sanyi layi ake bi, sati uku muka jira. Da a gida ne kin san yau za ki kira mai gyara ya zo a kan babur kafin la'asar, ko kuma ya yi kwana uku yana ce miki ga shi nan a hanya, ya dai danganta da sa'arki. Wannan yace tsakanin ƙarfe tara da goma ranar Talata, tara da kwata yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya saka leda a takalminsa, ya shimfiɗa zani a kan kafet, ya rufe bakin murhun ya liƙe ya jona injin zuƙe ƙura, wallahi da ya gama ko ɗigon baƙi ban gani a falona ba. Ciniki kuwa babu shi, fam 70 yace fam 70 ce, oga ya ɗan gwada irin namu na "ba ragi?" mutumin ya yi dariya ya ɗauka wasa ne. Kar ki ma juya kuɗin zuwa naira ranki zai ɓaci.

Buroshi yake turawa da wasu sanduna da ake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, bai yi nisa ba abin ya cije. Ya zura kyamara ya nuna mana a wayarsa, kirare ne danƙare kamar an cusa da tabarya. Akwai wani tsuntsu dangin hankaka amma bai kai shi girma ba, ƙeyarsa toka-toka, aikinsa kenan ya dinga jefo kirare cikin bututu har ɗaya ya maƙale sai ya gina sheƙa a kai, shekara ta zagayo ya ƙara. Buhu biyu da rabi aka fitar, har da gashin tumaki da guntun leda, wannan kuma kuɗinsa daban. Yace mun yi sa'a lokacin ƙwai ya wuce, don da tsakanin Maris da Agusta ne kuma akwai 'ya'ya a ciki ba zai taɓa ba, dokar 1981 ta hana a rushe sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, sai mu jira su tashi. Nace ikon Allah, ƙasar da hankaka ke da lauya.

Na ɗauka shikenan an gama, ashe saura. Ya kunna wata 'yar ƙwaya mai fitar da hayaƙi ya ajiye a murhun, hayaƙin ya hau amma a kasalance, sai yace in je in kunna fankar kicin. Ina kunnawa hayaƙin ya juyo ya shigo falo a gaban idonmu. Ya buɗe taga kamar faɗin yatsa biyu, nan take ya miƙe ya koma sama. Sai ya durƙusa ya ga kwalin da oga ya manna a ragar bango, ya ɓamɓare shi bai ce komai ba, oga ya yi tsuru-tsuru yana duba wayarsa da ba wanda ya kira. Bayanin da ya yi shi ne iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi shi ya sa take hawa ta ja hayaƙin, amma duk iskar da ta fita ta sama dole wata ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta, to in gida a liƙe yake da tagogi masu gilashi ruɓi biyu ga fanka tana zuƙe ta ciki tana watsarwa waje, ta ina gidan zai yi numfashi in ba ta bututun ba, sai ya zama hanyar shigowa maimakon hanyar fita. Nace a raina wannan ai Inna ta sani ba ta je makaranta ba, ko a murhun duwatsu uku in kika cushe icce ba ki bar wa iska ƙofa ba hayaƙi za ki sha, bambancin kawai mu madafinmu a tsakar gida yake iska kyauta ce, su sun shigo da wuta cikin ɗaki sun rufe ƙofa sai ya zama ilimi da ake biya.

Ya ƙara da cewa gidanmu na ƙarshen layi ne, bututun a bangon waje yake don haka kullum a sanyaye yake, iska mai sanyi tana zaune a ciki kamar marfi, kafin a kunna wuta a murɗa jarida a kunna a riƙe ta can saman bakin ramin minti ɗaya ko biyu har a ga harshen wutar ya fara miƙewa sama. Yanzu haka nake yi kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Icen oga ma bai tsira ba, ya fito da wata na'ura mai haƙora biyu ya caka a jiki ta nuna ruwan da ke ciki ya haura kashi 40 cikin 100, alhali wanda ake so kada ya wuce 20, tun Mayun 2021 ma an hana sayar da ɗanyen icce kaɗan-kaɗan a Ingila. Ɗanyen icce ba ya ci sai ya yi ta cin rai, hayaƙinsa ya daskare a jikin bututu ya zama kamar kwalta, ita ce in ta ji danshi take wannan ƙaurin da ya hana ni sukuni tun Yuli, ita ce kuma ke kamawa da wuta a cikin bango in ta yi yawa, shi ya sa kamfanin inshora ke iya tambayar takardar shara in gobara ta tashi. Kunkunniyar da muke kaɗewa da tsintsiya a bakin gora ana jibi sallah ce dai, amma tasu a ɓoye take.

Ƙarshen tika-tiki ma ashe icen gaba ɗaya haram ne a murhu irin namu, unguwarmu tana cikin wuraren da aka hana hayaƙi, sai mai murhun ƙarfe da hukuma ta amince da shi ne zai ƙona icce, tara kuma daga fam 175 zuwa 300. Asalin abin a Disambar 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar, mutum kusan 4,000 aka fara ƙirgawa sun mutu daga baya aka ce sun ninka haka, shi ne aka yi dokar tsaftar iska a 1956. Abin da muke saya yanzu wani curarren gawayi ne kamar baƙar fura, ba ya hayaƙi sosai yana daɗewa, amma fa ba shi da wannan ƙamshin wuta, kuma ko kusa bai kai gawayin kiryarmu kama wuta da wuri ba sai an haɗa da wani farin abu mai warin kananzir. Icen da suke sayarwa a gidan mai kuwa dariya ya ba ni, guda takwas ko tara a cikin raga an busar da shi a inji an manna masa tambari, kuɗinsa ya sayi kaya guda na marke a wajen mai amalanken layinku har da canji, ko tukunyar tuwon suna ba zai tafasa ba.

Abu ɗaya da ya tsaya min a rai, kafin ya tafi sai da ya danna wata alam ta daban ya tabbatar tana aiki, ba ta hayaƙi ba, ta wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, garwashi na fitar da ita janareto na fitar da ita, mutum ya ji ciwon kai da kasala ya kwanta shikenan. Doka ce mai gidan haya ya saka ta a ɗakin da ke da murhu. Sai na tuna jegonki na fari da hunturu, kasko cike da garwashi an rufe ƙofa an saki labule kina cewa kanki kamar zai tsage muna cewa rashin barci ne, da kuma yadda su Yaya babba ke shigo da janareto soro su kulle saboda ɓarayi. Na sayi guda biyu masu batir, zan bayar a kawo, ɗaya ɗakin Inna ɗaya naki, don Allah kar a ajiye a cikin kwaba ana adanawa, a rataye.

An saka wa bakin bututun hular ƙarfe mai raga saboda ruwa da tsuntsaye, in ba mu kunna wuta ba kuma akwai wani toshi na gashin tunkiya da nake cusawa a ramin, ƙauri ya tafi, sai dai na ɗaura masa jan ƙyalle yana lilo don kar oga ya manta ya kunna wuta da shi a ciki mu koma gidan jiya. Turaren wuta yanzu a bakin murhun nake ajiye kaskon in cire toshin, alam ta daina tona min asiri amma rabin ƙamshin sama yake tafiya wajen hankakin da ke zaune kan hular suna jin haushina, don haka in za ki ba da saƙo ki ninka min na Maiduguri, da daddawa da kuka, gawayi kam kar ki soma sakawa a jaka.