Falo mai esi ko baranda: ina kaktus mai furen hunturu zai fi jin daɗi a Kano?

'Yar uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa domin amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce an kawo miki tsarabar shukar nan mai gaɓa-gaɓa da ake kira kaktus ɗin Kirsimeti, shekara biyu ke nan tana nan kore shar amma ko fure ɗaya ba ta taɓa yi ba. Yanzu kina tsakanin abu biyu: ki shigar da ita falo inda na'urar sanyaya ɗaki take, wato esi, ko ki bar ta a baranda ta sha sanyin hunturu. Duka biyun na gwada su a gidana, don haka abin da zan faɗa miki na gani da idona.

Sunan ne yake fara ruɗa mutane. Da an ji kaktus sai a tuna da irin mai ƙayar nan ta hamada, ko kyarana da ake shinge da ita a ƙauye, sai a kai shukar tsakiyar rana a hana ta ruwa. Kama da wane ba ta wane. Wannan 'yar daji ce, daga duwatsun gaɓar teku na kudu maso gabashin Birazil, wajajen jihar Rio de Janeiro da maƙwabtanta. A can ba ma a ƙasa take fitowa ba, tana maƙale ne a rassan bishiyoyi da tsagar duwatsu, a wurare masu tsayin mita 700 zuwa sama, inda inuwa da laima da sanyin dare ba sa yankewa. Sunanta na kimiyya Schlumbergera, wanda Charles Lemaire ya raɗa mata a 1858 don karrama wani Bafaranshe mai tara irin waɗannan tsirrai, Frédéric Schlumberger. Mutanen Birazil kuwa furen Mayu suke ce mata, don a watan Mayu take buɗewa a wurinsu, lokacin da nasu sanyin yake shigowa. Kin ga ke nan ba ruwanta da Disamba ko wani biki. Abu biyu take jira: dare ya yi tsawo, dare ya yi sanyi.

Idan sanyin dare ya sauka tsakanin digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyas, takan fara ƙulla fure da kanta. Idan yana tsakanin 15 da 20, sai an haɗa mata da duhu na awa 13 zuwa 14 kullum, har kamar mako shida a jere. Idan dare ya wuce digiri 21 yana zaune a can, da wuya ta ƙulla komai. Ƙasa da 10 yana cutar da ita, sama da 32 kuma yana sa ta zubar da ƙullin da ta riga ta yi. Da waɗannan alƙaluma za mu auna wuraren nan biyu.

Mu fara da falon. A ido shi ne ya fi kama da amsa, tunda ki danna rimot ya sauko har 16 ko 18, ba ƙura, ba rana. Amma ki tambayi kanki awa nawa esin yake yi a kunne cikin dare. Mafi yawanmu a garin nan da rana ko bayan Isha muke kunnawa, a kashe idan za a kwanta, ko wuta ta tafi da kanta. Bangon bulo ya sha zafi tun safe, da na'urar ta tsaya sai ya fara mai da zafin cikin ɗaki. A hunturu kuma ba kowa yake kunna esi ba, tagogi ake rufewa saboda ƙura da yara, sai falon ya kwana da ɗumi alhali waje yana busa sanyi. Shukar sai ta samu akasin abin da take so: sanyi da rana, ɗumi da dare. Ga fitila da talabijin har ƙarfe goma sha ɗaya. Ko ɗan hasken ƙwai ɗaya da aka bari a kunne ya isa ya katse mata lissafin duhunta.

Sannan esi yana tsotse laimar iska. Shekarar da na fara ganin ƙulli a jikin tawa, 'yan mitsi-mitsi ne kamar ƙwayar shinkafa, ja-ja a bakin kowace gaɓa, na ƙirga sun haura ashirin. Don murna na ɗauke ta daga bayan kicin na ɗora a teburin falo, daidai inda iskar na'urar take sauka, don baƙi su gani. Kwana uku wuta tana zuwa tana tafiya, ɗakin ya yi sanyi ƙalau ya koma ya yi zafi. Ran na huɗu da safe na zo shara na tarar da su zube a kan ledar tebur, sun yi laushi, ko ɗaya bai buɗe ba. Na tsince su a tafin hannuna na daɗe ina kallo. Abin ya yi min ciwo, domin shekara guda na jira.

Barandar kuwa tana da abin da kuɗi ba ya saye. A Disamba da Janairu sanyin asuba a Kano yakan sauka wajen digiri 13 ko 14, daidai abin da shukar take nema, kuma a hankali yake sauka ya hau a hankali, ba kamar na rimot ba. Daren Disamba a nan kusan awa 12 da rabi ne, tunda garin yana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ya ɗan gaza, amma idan sanyi ya kankama yana cike giɓin. Masu zama a bakin gari inda fili yake da yawa sun fi samun wannan sanyin a kan masu zama a cunkoson cikin birni, inda gini ya haɗe da gini yana riƙe zafi.

Sai dai baranda ma tana da nata. Da rana, ko a tsakiyar hunturu, zafin waje yakan kai digiri 30, don haka idan rana ta faɗa kan shukar kai tsaye, gaɓoɓin sai su yi ja su yanƙwane. Iskar hunturu kuma busasshiya ce ƙwarai, wadda take tsaga mana leɓe da dunduniya, ita kuwa wannan daga dajin laima ta fito. A nan sai ki lura da inda barandarki take kallo. A wannan lokaci rana tana karkata kudu, saboda haka barandar kudu da ta yamma ba su dace ba sam. Ta arewa tana da inuwa yini guda, amma daga arewa maso gabas iskar take zuwa da ƙurarta, dole ki sa shukar a lungu, bayan ginshiƙi ko bayan manyan tukwanen furanni. Ni ta gabas na fi so, mai samun hasken hantsi na awa ɗaya ko biyu sannan inuwa ta rufe. Fitilar tsaro ta ƙofar gida ita ce matsala ta ƙarshe, kuma maganinta mai sauƙi ne: ki samu babban kwali ki kife a kanta daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 8 na safe. Ni da kiran Magariba nake tunawa.

Idan aka jera su a hunturu, baranda ta yi wa falo nisa. Abin da falo ya fi ta da shi, wato rashin ƙura da rashin rana, duk ana iya samar da shi a baranda da lungu da inuwa. Amma sanyin dare mai ɗorewa na mako shida, falo ba zai ba ki shi ba sai in kina da wutar da ba ta yankewa, kuma kin yarda ki bar esi a kunne har asuba saboda tukunya ɗaya. Ban ga dalilin wannan ɗawainiya ba alhali Allah ya kawo sanyin kyauta.

A bazara labarin yana juyawa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana yake kai 39 ko 40, dare ma ba ya hucewa, baranda kashe ta za ta yi. A nan ne cikin ɗaki yake da amfani, kuma a nan ba fure ake nema ba, rai ake ceto. Ki kai ta ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, na ƙasa idan bene ne, nesa da rufin kwano. Idan akwai esi, madalla, amma a gefe, inda iskar ba ta dukanta. Idan babu, ba komai. Tawa a gindin randa take yin bazara, a kan kasko mai tsakuwa da ɗan ruwa a ƙasa wanda bai taɓo gindin tukunyar ba. Takan ɗan rame, amma da damina ta sauka sai ki ga sababbin gaɓoɓi suna fitowa, ja-ja masu sheƙi. Wanda yake da tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi mu duka sa'a.

Shawarata ke nan. Da damina ki bar ta a inuwa inda ruwan sama ba ya dukanta sosai. Wajen tsakiyar Nuwamba, da kin fara jin sanyin asuba, ki zaɓar mata wurinta a baranda ki fara kifa kwalin. Da kin ga ƙulli ya fito sosai, ki daina rufewa, kuma daga ranar kada ki matsar da ita, kada ma ki juya tukunyar. Ki gaya wa yara da mai shara. In dai kina son ta yi miki ado a falo, ki jira sai furen ya buɗe tukuna. Tawa a Janairu take buɗewa, wani lokacin har farkon Fabrairu, don haka kada ki damu idan Disamba ta wuce ba ki ga komai ba.

Batun ruwa kuma, za ki ji ana cewa a hana ta sha don ta yi fure. Kada ki bi wannan, balle a iskarmu. Ki tura yatsa cikin ƙasar, idan gaɓar farko ta yatsan ta fito a bushe ki ba ta har ya zubo ta ƙasa, ki zubar da wanda ya taru. Ƙasar ta zama mai sakwa-sakwa, da yashi da ɗan dakakken gawayi, domin saiwarta ba ta jure kwana cikin ruwa. Ƙurar da take taruwa a gaɓoɓin ki riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako, a hankali, ban da bakin da ƙulli yake.

Abu ɗaya da zan so ki saya shi ne ƙaramin ma'aunin zafi mai batir, irin mai nuna iyakar zafi da iyakar sanyin da aka yi cikin yini. Ki ajiye shi dare uku a falo, dare uku a baranda, ki duba bayan sallar Asuba. Kowane gida da yadda yake riƙe zafi, naki ba nawa ba ne. Ki gaya min abin da ya nuna da kuma inda barandar take kallo, sai mu san lungun da za a sa ta.