Albam ɗin leda ko kwali mai taga: wanne ya fi riƙe tsofaffin kuɗi?

Malam, ɗauki kwali mai tagar Mylar, wato wata leda garai-garai da ake hango kuɗin ta cikinta, mai inci 2 kowane gefe. A cikinsa kwabona mai huda na 1959 yake, damina bayan damina yana nan da ruwan ƙasarsa mai santsi, tauraron da ke kewaye da hudar ya fito ras. Ledar tagar ba ta fitar da komai. Sai dai ka danne ƙusar sitefula da filaya, don kada ta karce na kusa.

Albam mai laushi kuwa, arha kaɗai gare shi. Yawancinsa ledar PVC ce mai laushi, zafin Afrilu kan sa man da ke cikinsa ya tsatso, danshin Agusta na Zariya ya ƙarasa aikin.

In ka ga kore a jikin kuɗinka, duba shi da kyau, don iri uku ne. In yana danƙo kamar majina, na leda ne: jiƙa kuɗin minti 10 a asiton tsantsa, sinadarin da ke narkar da danƙon, cikin kofin gilashi, ban da na goge farce, ka sake da sabo, ka bar shi ya bushe a iska, nesa da wuta. In gari ne fari-fari mai kore, ka kakkaɓe ya dawo, har da ƙananan ramuka a ƙasansa, to gishiri ne ke cin tagullar, sau da yawa daga gumin yatsa ko ƙasar da aka tono shi. Wannan shi ne mai kashe kuɗi. Ware shi yau ɗin nan, jiƙa a tataccen ruwan batir wanda ba asid, kana canzawa kullum, sannan ka busar sarai. In kuwa koren mai duhu ne, tauri, a manne, ƙyale shi, kariya ce.

Baƙin da ke hawa azurfa farar wuta ce, daga robar ɗaure kuɗi ko takardar jarida. Kada ka kusanto da tsamiya, lemon tsami ko toka, suna cinye fuskar, daraja ta zube.

Ka kula da wasu dillalai: su goge sulen tagulla ya yi ƙyalli su ce azurfa ne. Sulen Afirka ta Yamma daga 1913 zuwa 1920 ne kawai na azurfa, duba shekarar kafin ka ciro kuɗi.

Jera kwalayen a mazubi mai murfi, ka jefa ƙullin silika biyu ko uku, irin na cikin kwalin takalmi, ka riƙa kama kuɗin ta gefe.