Na kai yarona ɗan shekara 13 filin koyon harbi a Ingila, ga yadda muka kwashe

Wata uku cur babban yarona ya yi yana damuna wai shi sai ya je harbin tantabarar yumɓu, wato faifan da na'ura ke cillawa sama a harbe shi, wani ɗan ajinsu ne da iyayensa ke noma yake zuwa duk Asabar, ya dawo makaranta ya cika musu kunne. Mamansu tun farko ta ce ba da ita ba, kuma ban ga laifinta ba, duk wanda yake da dangi a ƙauyukan Katsina ko Zamfara ya san abin da kalmar bindiga take tayar masa a zuciya. Ni kuwa kakana maharbi ne, na taso ina ganin harba-ka-ruga rataye a ɗakinsa kuma ko hannu ba ma kai mata, shi ya sa na ce gara ni na kai shi da kaina ya gani a hannun masu abin, da ya je yana koya a bidiyon intanet.

Filin yana bayan gari a yankin Yorkshire, tafiyar kusan minti 40 daga gidanmu. Na kira su a waya na ce yaron shekararsa 13 kuma ba mu da lasisi daga ni har shi, matar ta ce ba komai, wurin nasu 'yan sanda sun amince da shi, dokar bindigogi ta 1968 ta yarda wanda ba shi da lasisi ya yi harbi a irin wannan wuri matuƙar abin da ake harbi ba mai rai ba ne. Fam 75 na biya na awa ɗaya da harsashi 25, da aron bindiga da abin toshe kunne da tabarau. Gaskiya kuɗin ya ciji aljihu, kar ma mutum ya fara juya shi zuwa naira.

Malamin da aka haɗa mu da shi wani dattijo ne mai furfura, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna nake wannan rubutun. Minti 20 na farko yaron ko taɓa bindiga bai yi ba. Zaunar da mu ya yi a benci ya ce wa yaron, kafin ka riƙe ta sai ka san me doka ta ce a kanka. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne wai a Ingila da Wales da Scotland babu mafi ƙarancin shekaru na samun lasisin bindigar farauta mai watsa harsashi, wato irin mai baki biyun nan, ko yaro ɗan firamare zai iya nema kuma idan 'yan sanda sun gamsu su ba shi. Na ce masa anya kuwa? Ya yi murmushi ya ce saurara ka ji sauran igiyoyin da aka ɗaure shi da su. Yaron da bai kai 15 ba, ko da lasisinsa a aljihu, ba zai riƙe bindiga a haɗe ba sai da babba mai shekara 21 ko fiye tsaye a kansa, in ba haka ba sai dai tana cikin jakarta a ɗaure yadda ba za ta harbu ba. Kuma laifi ne a ba shi kyautarta, aro kawai. In ya cika 15 za a iya yi masa kyauta in yana da lasisi, amma ya ɗauki kuɗi ya shiga shago ya sayi bindiga ko harsashi, wannan sai ya cika 18. Ita raifil mai harsashi ɗaya mai cin dogon zango nata lasisin daban ne kuma ya fi tsauri, sai yaro ya kai 14 kuma sai an nuna ƙwaƙƙwaran dalili na kowace bindiga. Yarona ya juyo ya ce min, Abba kenan ko kai ba za ka iya saya min ba? Na ce ka dai ji da kunnenka.

Ya kuma yi mana bayanin neman lasisin, sai an kawo takarda daga likitan mutum, wannan ya zama dole ne daga ƙarshen 2021 bayan harbin da aka yi a Plymouth inda wani mai lasisi ya kashe mutum 5, sannan jami'in 'yan sanda zai zo har gida ya yi hira da kai ya duba akwatin ƙarfen da aka ɗaure da bango inda za a riƙa kulle ta, lasisin shekara 5 yake yi a sabunta. Da na tambaye shi ƙaramar bindiga ta hannu, fuskarsa ta canza, ya ce tun 1997 aka hana ta bayan abin da ya faru a garin Dunblane na Scotland a 1996, inda aka harbe yara 16 da malamarsu har lahira a makarantar firamare. Shiru muka yi duka. A gida Najeriya dokarmu ta 1959 kai tsaye ta yanke, wanda bai kai 17 ba ba a ba shi lasisi, a takarda kamar ta fi tasu tsauri, amma su nan bin diddigin ne yake riƙe da abin.

Toh sai harbin. Ya ɗauko masa ƙarama mai lamba 28 wadda ba ta dukan kafaɗa sosai, ya nuna masa yadda ake yawo da ita a karye, wato a buɗe ta tsakiya, a kan hannu, kowa daga nesa yana ganin ba komai a ciki. Harsasan duk suna aljihun malamin, ɗaya-ɗaya yake saka masa. Ya sa shi ya nuna wata bishiya da yatsa ya rufe ido ɗaya bayan ɗaya, a nan ya gano yaron da dama yake aiki amma idonsa na hagu ne ya fi ƙarfi, shekara 13 ina tare da shi ban san wannan ba, ya liƙa ɗan tef a gilashin tabarau na hagu. Biyar na farko duk iska ya harba. Na shida faifan ya tarwatse a sama kamar an fasa tukunya, shi kuma don murna sai ya fara juyowa wajena da bindigar a rufe. Wallahi kafin na buɗe baki dattijon nan ya damƙe bakinta ya mayar gaba, ya karɓe, ya karya ta, ya ce mu koma benci. Babu harsashi a ciki, ya san babu, shi ya saka guda ɗaya tak, amma minti biyar ya tsayar da darasin. Bai ɗaga murya ba, ya ce masa a filin nan ba ma nuna mutum da bindiga ko da mun rantse ba komai a cikinta. Idon yaron ya ciko da ƙwalla, ni kuma a raina na ce kuɗina sun halatta. Ya gama da 9 cikin 25.

Inda suka gaza, ɗan wurin cin abincinsu kusan komai da naman alade, shayi da biskit kawai muka iya sha, ku tafi da guzurinku. Azahar ta same mu a can, ba ɗakin da za mu raɓa sai gefen mota muka shimfiɗa darduma a kan tsakuwa. Sun kuma bar mu muna jira kusan rabin awa bayan lokacin da suka ba mu, ga sanyi ga taɓo, kuma ba wanda ya gaya mana a waya mu zo da takalmin roba, farin kambas ɗin yaron har yau bai koma daidai ba.

Zan ba su 4 cikin 5. Mamansu har yanzu ba ta sauko gaba ɗaya ba amma ta saurari yaron yana jero mata dokokin a kicin, 15 kaza 18 kaza, ta ce in za mu koma wata mai zuwa da ita za a je ta ga dattijon da idonta. Zancen lasisi da ajiye bindiga a gidana kam babu shi, harbi a can a baro ta a can.