Manhajar gwajin basira da na gwada wa ƙanina

Gaskiya manhajar nan ta burge ni kuma ta ɓata min rai lokaci guda. Saboda ƙanina na sauke ta, yaron lissafi na ba shi wahala sosai amma miƙa masa rediyon da ya mutu, kafin ka ankara ya kwance shi ya gano wayar da ta tsinke. Tambayoyin sun bi tsarin Howard Gardner ne na jami'ar Harvard, wanda a 1983 ya ce basira kala 7 ce daga baya ya ƙara ta 8, akwai ta harshe, ta lissafi, ta kiɗa, ta sarrafa jiki har da iya zama da mutane. Nan kam sun kyauta, da yaron ya ga sakamakonsa sai da ya washe baki.

Matsalata kai ne ke ba kanka maki, in ka ce ka iya lallashin mutane shikenan ta yarda. Sannan a ƙarshe wai ta zaɓa maka sana'ar da za ka yi nasara a kai, ba ruwanta da haƙuri ko naci, alhali yaron nan sai ya share awa uku kan rediyo bai ɗago ba, wannan fa babu tambaya ko ɗaya a kansa. Ga talla kamar me. Tauraro 3 na ba ta.