Sharhi Kan Allurar Herceptin a Kano: Tana Aiki, Amma a Sa Wa Zuciya Ido

Bayan shekara guda muna kai majinyaciyarmu karɓar Herceptin, allurar maganin sankarar mama, a wani asibitin kuɗi a nan cikin Kano, hukuncina shi ne maganin ya cancanci yabon da ake yi masa. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake ajiye shi, da yadda ake bibiyar zuciyar mai karɓarsa.

Asalin sunansa trastuzumab, kuma tun 1998 aka amince da shi a Amurka. Ba kowace sankarar mama yake yi wa aiki ba, sai wadda ƙwayoyinta ke ɗauke da sinadarin HER2 da yawa, wato kamar mace ɗaya cikin biyar ko shida na masu cutar. Don haka kafin a kashe ko sisi, a tabbatar an gwada naman da aka tsakuro daga wurin cutar don auna yawan HER2. Idan sakamako ya nuna 3+, an dace da maganin. Idan 2+ ne, sai an ƙara gwajin tabbatarwa mai suna FISH. Duk wanda ya ce a fara babu wannan takarda, a nemi wani likitan.

Da nauyin jiki ake auna shi: miligiram 8 a kowane kilo a karon farko, daga nan miligiram 6 duk bayan mako uku, har shekara. Mace mai kilo 60 za ta karɓi 480 da farko, sannan 360. Ana zuba shi cikin ruwan gishiri mililita 250, ba a taɓa haɗa shi da ruwan sikari domin yana dunƙule maganin. Ƙarin ruwan farko minti 90 ne, kuma a nan aka fi ganin zazzaɓi da rawar sanyi, na baya minti 30 ya isa idan jiki ya karɓa. A wannan ɓangaren ma'aikatan jinyar sun burge ni, ba su taɓa gaggauta ɗigon don su tashi da wuri ba.

Ga abin da mutane da yawa ke asara a kansa. Babbar kwalbar garin maganin miligiram 440 ce. Idan an ɗebi 360, saura 80, kuma wannan ragowar kuɗi ne masu nauyi. In dai an narkar da garin da ruwansa na musamman mai hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, ragowar na iya kwana 28 a firji mai sanyin maki 2 zuwa 8, kenan za ta kai allura ta gaba. A rubuta suna da kwanan wata a jikin kwalbar. Ba a girgiza ta, juya ta ake yi a hankali, ba a kuma bari ta daskare. To a garin da zafi ke haura maki 40 a watan Afrilu, ga ɗaukewar wuta, tambayar farko ita ce: firjin nan yana kan sola ko janareta da dare? Inda muka je babu ma'aunin sanyi a cikin firjin sai da aka yi magana. Kuma don Allah kada a sayi irin wannan magani a hannun wanda ya zaro shi daga jaka. A duba lambar NAFDAC, a karɓi rasit.

Babban ƙorafina kan zuciya ne. Trastuzumab na iya rage ƙarfin bugun zuciya, musamman ga wadda ta riga ta karɓi doxorubicin, jan maganin nan na kemo, shi ya sa ba a ba da su tare. Ƙa'ida ita ce a yi hoton zuciya na eko kafin a fara, a maimaita duk wata uku. Lambar da ake dubawa ita ce kason jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu, wanda a mai lafiya ba ya gaza kashi 50 zuwa 55. Idan ya faɗi da maki 16 daga na farko, ko ya sauka ƙasa da ƙa'ida da faɗuwar maki 10, ana dakatar da allurar aƙalla mako huɗu, likitan zuciya ya shigo. Yawanci zuciyar na farfaɗowa idan an gano da wuri. Amma a asibitin babu wanda ke tuna wa majinyata lokacin eko, sai mai jinya ya riƙe kwanan da kansa. Wannan sakaci ne da bai dace ba. Haki bayan hawa bene, kumburin ƙafa, kasa kwanciya sai an tara filo, nauyi ya ƙaru cikin kwana biyu: ba gajiyar kemo ba ce, a koma asibiti ranar.

Maganar kuɗi kuwa, akwai irinsa na wasu kamfanoni da suka fi sauƙi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na farkonsu a 2019. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna PERSEPHONE ya nuna karɓar maganin wata shida bai gaza na shekara ba sosai, don haka mai ƙaramin ƙarfi ya tattauna wannan da likitansa tun farko, don kada a tsaya a tsakiya. Idan aka makara karɓar allura fiye da mako guda, sai an sake babban awon farko na miligiram 8 a kowane kilo. Mace kuma ta guji ɗaukar ciki har wata bakwai bayan allurar ƙarshe, domin maganin na cutar da ɗan tayi.